Hannun Illa da Wutar Gidanmu

Zuwa ga mahaifina, Alu maƙerin Barmu, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baba. Ina gaishe ka gaisuwar ɗa ga uba, ina roƙon Allah ya yalwata maka makwanci. Mu nan Adar muna nan yadda Allah ya ajiye mu. Damina ta sake ƙin mu, kamar shekarun da ka tafi a cikinsu, mutane sun koma cin anza, ƴaƴan itacen dajin nan masu ɗaci. Inna tana nan da ƙarfinta, sai ciwon gwiwa. Ni kuma na gama karatun likita a Yamai, an turo ni aiki Tawa.

Na san takarda ba ta isa inda kake. Na san kuma wasu za su karanta ta, kuma da gangan na bar ta a buɗe, domin a Barmu ana maganar gidanmu ƙasa-ƙasa, ni kuwa na gaji da raɗa. Kafin in ɗauki alƙalami sai da na nemi izinin Illa, don sirrin majinyaci ba nawa ba ne ko da wana ne. Ya ce, "Rubuta, ɗan lakwal. Amma ka hwaɗa musu maƙera na nan buɗe, kada su kai aikinsu wani wuri."

To ga maganar. Illa, ɗanka na fari, yana da kuturta. Na rubuta sunan ciwon a fili, ban ce "babbar cuta" ba, ban ce "abin nan" ba. Ƙanenka Bappa Nomau ya hana a faɗi wannan kalma a ƙofar gidanka. Ni na faɗe ta, kuma zan ci gaba da faɗa, saboda ɓoye ta ya riga ya ci wa Illa hannu guda.

Ka tuna yadda ka raba mu. Da aka zo neman yaro daga kowane gida don lakwal, wato makarantar boko, ba ka yi dogon tunani ba. Hayaƙin gawayi yana tayar mini da tari, Illa kuwa tun bai iya sa wando ba yake zaune bakin zuga-zugi. Ka ba da ni, ka riƙe shi. Ban taɓa ganin laifinka ba, ko ni ne haka zan zaɓa.

Ba ka taɓa kiran sunansa ba, kunyar ɗan fari. "Wancan" kake ce masa. Amma ranar sallar da ya fara shiga wasan wuta na maƙera, ya zaro jan ƙarfe daga garwashi yana jefa shi daga hannu zuwa hannu, makaɗa suna zuba masa kirari, na hango ka sunkuyar da kai kana ɓoye murmushi cikin rawani. Da yamma ka miƙa masa masabarka, gudumar da kake ƙira da ita.

Ina riƙe da abin da kake gaya masa game da wasan nan. Kakan ce, "Ka gaishe ta ka wuce, kada ka zauna hira da ita." Wato duk gwanintar tana ga sanin lokacin sakewa. Ina so masu karatu su ji wannan da kyau, don kada a ce ɗan maƙeri ya yi boko ya dawo yana zagin gadonsa. Ban ce duk maƙerin da ke wasa da wuta majinyaci ne ba. Akwai kanta a tafin hannu, akwai sauri, akwai abin da kuka gada wanda ban karanta ba kuma ba zan yi gardama a kansa ba. Abin da na ce shi ne Illa ya daina sanin lokacin sakewa.

Zuwana Barmu na farko bayan an turo ni, na same shi yana gyaran ƙugiyar guga. Aikin da ya rage wa maƙera ke nan bana. Ba mai sayen hauya, ba mai sayen lauje, sai ƙugiya da ƙarfen haƙar rijiya, kowa yana bin ruwa can ƙasa. Ya ɗauko ƙugiyar daga bakin wuta da hannun dama, yana juya ta, yana tambayata ko gaskiya ne ƴan matan Yamai ba su iya daka ba. Ni na fara jin ƙaurin, Baba. Ƙaurin nama. Shi yana ta dariyarsa.

Bappa Nomau yana gefe, ya buga cinya ya ce, "Ka gani ko, likita? Gado ya sauka gare shi, ya hi na ubanku. Ni kaina ba ni iya riƙe ta haka."

Na kama hannun na duba. Tafin ya tashi, ga tsofaffin ƙuna a ƙarƙashin sabuwar. Ƙaramin yatsa da na kusa da shi sun fara lanƙwashewa, ba sa miƙewa sosai. Naman da ke tsakanin babban yatsa da manuni, ta bayan hannu, ya lotsa ya zama rami. Na sa yatsana a bayan gwiwar hannunsa, wurin nan da in mutum ya buge yakan ji tsir har ƙaramin yatsa. A hannun mai lafiya abin da ke wurin siriri ne, mai laushi. Na Illa ya yi kauri ya yi tauri kamar igiyar guga.

Bari in yi maka bayani yadda zan yi wa Inna. Jijiyar da nake nufi ba ta jini ba ce, ba kuma agara ba ce. Wani farin zare ne da ke kai labarin zafi da sanyi da taɓawa daga fata zuwa kai, yana kuma kawo wa tsoka umarnin motsi. Ƙwayar cutar kuturta wannan zaren take so. Ga yawancin mutane takan nuna kanta a fata, tabo mai haske wanda ba ya ji, shi ya sa ko tsohuwa a Adar ta san yadda ake neman ta, a tuɓe riga a duba. Amma akwai waɗanda take shiga jijiyarsu kaɗai, fata tana nan sumul. Irin waɗannan su ne ake sallama a ce lafiyarsu lau, har yatsu su lalace.

Da Illa ya shigo Tawa sayen ƙarfen tsofaffin motoci, na roƙe shi ya biyo ta asibiti. Na duba shi a hasken rana daga goshi har tafin ƙafa. Ba tabo ko ɗaya. Muka ɗan tsaga fatar kunnensa, aka ɗebi ruwan wurin aka duba a madubin ɗakin bincike. Ba a ga ƙwaya ba. Na rufe masa ido na shafa auduga, na ɗora masa kwalbar ruwan ɗumi da ta ruwan sanyi. Rabin hannun dama bai san ana yi ba. Amma abin da ya tayar mini da hankali shi ne na hagu. Ƙaramin yatsan hagu ya fara rikita ɗumi da sanyi, kuma Illa ya ce wannan sabo ne, bai fi ƴan watanni ba yana jin kamar kiyashi na yawo a ciki.

Jijiyar da ta daɗe da mutuwa ba ta dawowa. Wadda ta fara ciwo kwanan nan ana iya ceto ta, in an yi sauri. Na ga na dama ya kusa tafiya, na hagu kuwa yana bakin ƙofa. Maƙeri mai hannu ɗaya yana iya ci da iyalinsa. Maƙerin da ba shi da ko ɗaya ka san inda yake ƙarewa, ka san inuwar da irinsu suke zama suna bara a bakin kasuwa.

Na kai maganar ga babban likitanmu, dattijo mai haƙuri wanda ya ga kutare fiye da yadda na ga mutane. Ya taɓa gwiwar da kansa. Sannan ya tuna mini abin da ban so ji ba, kuma gaskiya ne. Mutumin da ya shekara ashirin yana dukan ƙarfe, jijiyar gwiwarsa tana iya kauri saboda aikin kawai. Kanta tana dushe ji. Yunwa ma tana taɓa jijiya, ga shi asibiti cike da waɗanda ta kwantar. Ya ce, "Ina zargin abin da kake zargi. Amma in ka rubuta sunan ciwon nan a kan mutum, ba ka da abin goge shi. Kuma wan naka ba zai sha magani wata da watanni don babban yatsanka ya ji wani abu ba."

Hanya ɗaya ta rage, a yanko ɗan guntun jijiyar a duba cikinta. Ba babbar ta gwiwa ba, wannan ita ke motsa yatsu, ba a taɓa ta. Akwai wani ƙaramin reshe a bayan wuyan hannu wanda aikinsa ji ne kawai, ba ya motsa komai. Na Illa na dama shi ma ya yi kauri, ana jin sa yana birgima ƙarƙashin yatsa. Na gaya masa duka, ban rage ba. Na ce wurin da reshen ke kula da shi ba zai sake ji ba har abada, ko da yake yanzu ma kusan ba ya ji. Na ce za a aika da guntun nesa, za a daɗe ana jira. Na ce yana yiwuwa a duba a rasa amsa, don ba kullum ake dace da wurin da cutar take ba.

Ya ce sai Bappa ya yarda. Ka san tun tafiyarka shi ne uban maƙera.

Na je na durƙusa gaban Bappa Nomau kamar yadda ka koya mana. Ya bari na gama tsaf, sannan ya ce, "Mu muka yi wuƙa, mu muka yi aska, mu muka yi allura. Yau ƙarhen da ba mu san uwatai ba shi za ya shiga hannun ɗanmu?" Na ce masa shi ma ba ya karɓar ƙarfen mota sai ya sare shi ya ga cikinsa. Ya ce, "Illa ba ƙarhen mota ba ne." Ya ce fata lafiya, kunne lafiya, madubin Nasara da kansa ya wanke shi, to me nake nema? Ya ce, "An ba da kai lakwal don ba ka da amfani ga wuta, yanzu ka komo kana so ka kashe ta."

Ban janye ba. Na ce na ji, Bappa, amma zan dawo da maganar, zan kuma sake dawowa da ita.

Ba ni na juya Illa ba, kada in ci yabon da ba nawa ba. Ranar wata kasuwa sai ga shi a ƙofar ɗakin duba marasa lafiya, ya bi layi kamar kowa. Da ya shigo ya rufe ƙofa, ya ce masabarka ta suɓuce masa yana tsakar duka, ta tashi ta fasa tulun ruwa, kuma ba wannan ne karo na farko ba. Bai gaya wa kowa ba. Ya ce, "Wuta ba ta ba ni tsoro, amma hannun da ba ya riƙe masaba mi za a yi da shi? Yanka. In ba ka iske komi ba, wata guda za ka yi kana yi min zuga, ka yi tarinka ka ƙoshi."

Ban yanka da kaina ba, likita ba ya yanka ɗan'uwansa in akwai wani. Babban likita ya yi, da safe, ni na riƙe hannun. Da aka kawo allurar kashe zafi Illa ya ce a adana ta a ba mai bukata, shi nasa a kashe yake. An dai yi masa. Ya nemi a nuna masa wuƙar, ya juya kai ya dube ta, ya ce, "Ƙarhe mai kyau ne, amma ba ta shan washi biyu." Tsagar ba ta kai tsawon gaɓar yatsa ba. Reshen ya fito fari, ya yi kauri, ba shi da sheƙin da na saba gani a jijiya mai lafiya. Aka yanki guntu kamar ƙwayar shinkafa biyu a jere, aka jefa cikin ƴar kwalba mai ruwan maganin da ke hana nama lalacewa. Na liƙe bakin kwalbar, na sake liƙewa, na naɗe ta cikin auduga, na ba direban motar asibiti mai zuwa Yamai. Har ya ce mini, "Likita, ko zinari ne?" Daga Yamai ma sai an wuce da ita gaba, inda ake da masu yanka nama siriri su rina shi su karanta.

Muna cikin jira sai mai gari ya aiko cewa Kumandan, sojan da ke riƙe da yankinmu, zai zo rangadi, kowace sana'a ta fito da wasanta. Ba wanda ya faɗa da baki, amma kowa ya sa a ransa cewa in an burge shi, jar dawar taimako za ta fi auki. Bappa ya ce Illa ne zai buɗe wasan wuta. Tun da ɗan lakwal ya ɓata masa hannun dama, sai ya yi da na hagu.

Baba, hannun da nake ƙoƙarin ceto shi za a miƙa wa garwashi, a gaban jama'a, da kalangu a kunne, ga mutumin da ba ya jin lokacin sakewa.

Da Illa ya zo a cire masa zaren ɗinki, ya ce gwiwar hagu tana yi masa zogi, ko riga ta taɓa wurin sai ya ji. Wannan alamar jijiya ce mai kumburi, kuma ɗaya daga cikin abin da ake yi mata shi ne a hutar da ita. Babban likita ya yarda a sa masa filasta, ɗaurin nan mai tauri irin na karaya, daga damtse har tafin hannu. Ban yaudare shi ba. Na ce, Yaya, dalilina biyu ne. Jijiyar tana bukatar hutu, wannan gaskiya ne. Ina kuma so in hana ka wasan nan, wannan ma gaskiya ne. Sai ya miƙo hannun ya ce, "Ɗaura. Amma kai za ka hwaɗa ma Bappa, ni ba ni iyawa."

Na faɗa masa. Abin da ya ce mini ba zan rubuta ba, ƙanenka ne.

Ranar rangadin Bappa ne ya shiga fili da kansa, da furfurarsa. Kuma wallahi ya yi kyau, Baba. Ƙarfen bai taɓa zama a tafinsa ba, yana taɓawa yana saki, ya gama ba ko tabo. Illa yana zaune gefe da farin hannu kamar taɓarya, mata suna tsokanarsa suna ce masa maƙerin auduga. Kumandan ya kalla, ya tafa, ya shiga motarsa. Dawar da ta zo daga baya daidai take da wadda aka kai ƙauyen Affala, inda ba wanda ya taɓa wuta.

Sakamakon ya iso bayan makonni. Zan faɗa maka abin da ya ce, ba ƙari. Sun ga jijiyar cike da kumburi irin wanda jiki ke yi in yana yaƙi da wannan ƙwaya, zaren cikinta da yawa sun lalace. Da suka rina ta da rinin da ke kama ƙwayar kuturta, sun ga ƙwayoyin, kaɗan ne, amma sun gan su. Ba dukan ƙarfe ba ne, ba yunwa ba ce. Na karanta, na sake karantawa, na kai wa babban likita shi ma ya karanta, don ban yarda da idona ni kaɗai ba.

Kada ka ɗauka na yi murna. Da na fi so in yi watan nan ina zuga ina tari. Na sami Illa bayan gida na gaya masa. Tambayarsa ta farko ita ce matarsa Rabi da yaransa. Na ce zan duba su duka, kuma na duba, ban ga komai ba, zan kuma riƙa dubawa. Na gaya masa irin nasa, mai ƙwayoyi kaɗan, ba ya cika yaɗuwa, kuma da zarar ya fara shan magani wannan fargabar ta kau. Tambayarsa ta biyu ita ce, "Baba hwa?"

Ni ma ita ce tambayar da nake ɗauke da ita tun ina aji. Ranar da malaminmu ya nuna mana hoton hannun da wannan ciwo ya lanƙwashe, hannunka na gani. Na tuna yatsunka biyu da suka naɗe a shekarunka na ƙarshe, da gyambon tafin hannunka da ya ƙi rufewa, mutane suna cewa wuta ce ta karɓi rabonta daga babban maƙeri. Amma ban taɓa duba ka ba, ina ɗan makaranta ka tafi. Ba wanda ya taɓa gwiwarka, ba wanda ya yanki jijiyarka. Don haka ba zan rubuta cewa ciwon nan ne ya same ka ba, ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba. Abin da na sani shi ne an yi maka kirari a lokacin da ya kamata a duba ka. Ba za a yi wa ɗanka haka ina raye ba.

Bappa ya ce takardar Nasara ce, ba ta san maƙera ba. Duk da haka washegari ya sa aka ware wa Illa ƙwaryarsa da akushinsa. Ka ga abin, Baba, bai yarda da ciwon ba amma ya yarda da ƙyamarsa. Ni kuma ya ce kada ƙafata ta sake taka cikin maƙera. Na bi umarninsa, maƙerarsa ce yanzu. Amma ƙofar gida ta kowa ce. Duk ranar da na je Barmu, a nan nake shimfiɗa tabarma, inda masu wucewa za su gani, in sa hannu cikin akushin Illa mu ci tare. Ranar farko Inna ta fito ta tsaya tana kallonmu, sai ta koma ciki ta ɗauko furarta ta juye a ƙwaryarsa, ta sha, ta miƙa masa.

Wasu sun ɗauke aikinsu, ba zan ɓoye maka ba. Wani da ka yi wa ƙira shekara da shekaru yanzu ta bayan gari yake bi. Wani kuma Buzu da ya sauko daga arewa bayan dabbobinsa sun ƙare, aka gaya masa don a tsorata shi, ya ce shi wuƙa ya zo gyarawa, ba aure ya zo nema ba.

Illa yana shan magani. Akwai wanda yake haɗiya a gaban ma'aikacin lafiya duk wata, akwai na kullum a gida, akwai kuma na rage kumburin jijiya wanda muke janye masa sannu a hankali. Na kafa masa dokoki, yana gunaguni yana bi. Ba ya ɗaukar komai daga wuta sai da awartaki, ya ma ƙera wani mai dogon hannu da kansa. An naɗe ƙotar masabarka da tsumma da fata don ta cika masa hannu. Kowace yamma Rabi tana duba tafinsa da tsakanin yatsunsa, ya jiƙa su a ruwa, ya shafa mai. Abokansa suna ce masa amarya. Yakan ce musu amaryar da ta fi su cin tuwo.

Hannun dama ba zai dawo yadda yake ba. Yatsun nan biyu sun tafi ke nan, abin da muke yi shi ne kada su ƙara lalacewa. Na hagu ne, tun da aka cire masa filasta, nake aunawa duk zuwa, da auduga da kwalabena, wani lokaci in ga kamar an samu ci gaba, wani lokaci in ce zuciyata ce ke gaya mini abin da nake so. Ban yarda in gaya wa kowa komai ba.

Ranar kasuwar da ta wuce ina tsaye a waje, bakin ƙofar maƙera, iyakar inda aka yarda mini. Mutane sun taru, an fara kawo hauyoyi gyara, kowa yana sa rai da damina mai zuwa. Illa yana duka, Bappa yana riƙe masa. Sai wani ɗan tartsatsi ya tashi ya sauka a gefen hannunsa na hagu, daidai gindin ƙaramin yatsa. Baba, ɗanka ya yi tsalle. Ya yar da masaba, ya yarfe hannu, ya ce "Wash!" ya bi da wata ashar da ban taɓa ji a bakinsa ba.

Ɗan Alu, a gaban baƙi, ya yi ihu don tartsatsi. Wani ya ƙyalƙyale da dariya. Bappa ya kau da kai, kunya ta rufe shi. Illa ya tsaya yana kallon ɗan jan wurin da ya tashi a hannunsa, ya taɓa shi da leɓe, ya sake dubawa. Sannan ya ɗago ya neme ni a bakin ƙofa, ya ɗaga mini hannun sama ya ce, "Ɗan lakwal, da zahi!"

Na zauna a ƙasa a wurin, da farar rigata.

Na san a ƙa'idar gidanmu abin kunya ne, kuma za a daɗe ana ba da labarinsa a Barmu. Su ba da shi. Duk maƙerin da ya karanta wannan, ko aka karanta masa, in a gidansu akwai wanda ake yabo don wuta ta daina yi masa zafi, ya kawo shi a taɓa gwiwar hannunsa, ko da fatarsa ta fi ta jariri kyau. Ni dai ban taɓa jin abin da ya yi mini daɗi a maƙerarka kamar wannan ihu ba, kuma ina jin da kana nan da ka sunkuyar da kai ka bar shi ya yi.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya sanyaya maka kabari, ya gafarta maka da iyayenka. Allah ya ba Illa lafiya ya bar masa hannunsa, ya sassauta zuciyar Bappa Nomau, ya ba mu ruwa mai albarka bana. Allah ya sada mu a inda ba ciwo. Amin.

Ɗanka na biyu,
Isuhu
Tawa